Rumfar Wainar Yayata

Gobarar ta tashi da rana tsaka, a shekarar da Baba ya tara audugarsa a ɗakin Inna yana jiran motar da za ta kai ta Funtua. A Dayi muke zaune a lokacin. Inna ta tafi barka, Baba yana gona, gidan daga ni sai Yaya sai ƙaninmu da ke barci a ɗakin. Har yau ba wanda ya san abin da ya kunna wutar. Yaya ta faɗa cikin hayaƙin, ta fito ba ta samo yaron ba, hannunta na dama ya ƙone har gwiwar hannu. Ni kuwa ina tsaye gindin turmi ina kallo, ƙafata ta ƙi ɗagawa.

Da aka zo zaman makoki, duk matar da ta shigo sai ta nufi tabarmar Yaya, ta durƙusa ta yi mata sannu, ta ajiye mata dafaffen ƙwai ko alewa. Ni sai a shafa kaina a wuce.

"Wannan ai Allah ya tsare ta," in ji su. "Yarinya ce, ba ta ma san me ya faru ba."

Na sani sarai. Na ji kukan ƙaninmu, na kuma ji lokacin da ya yi shiru. Nakan zauna nesa ina kallon hannun nan da aka lafta wa magani, ina jin da ma nawa ne, ko a zo a durƙusa a gabana ni ma.

Hannun ya warke ya bar tabo, amma Yaya ba ta sake kusantar murhu ba. Ko ƙaurin tuwo ta ji sai amai. Girkin gida ya dawo kaina tun ban iya sauke tukunya ba, kuma ba wanda ya tambaye ni ko ni ina tsoron wutar. Yaya ta daina wasa da ni, ta daina yi mini kitso, magana ma sai ta zama dole. Haka muka girma ɗaki ɗaya kamar baƙi. Ni aure ya kai ni Malumfashi, na kama ɗinki, ita kuma ya kai ta Funtua.

A can ta samu wata maƙwabciya Bayarabiya, Kirista ce, haifaffiyar garin, tana tuyar ƙosai a bakin layi, kowa Iya yake ce mata. Ita ta lura amaryar nan kullum abincin saye take kai wa mijinta. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce dai ta riƙa zuwa tana taya ta surfen wake, can nesa da kasko. Sannu a hankali kujerar Yaya tana matsowa, wata rana ta miƙa itace, wata rana ta riƙe matsami. Ta sha guduwa gida, washegari ta dawo da ƙafarta. Bayan wasu shekaru sai ga Yaya da rumfar waina tata ta kanta. Da labarin ya zo mini na ce masha Allah, amma raina ya sosu. Ni da na yi ta hura wutar girki a madadinta tun muna yara ba ta warke a hannuna ba, sai a hannun bare.

Da 'yan bindiga suka fara tayar da ƙauyuka, mata da yara suka cika kangayen Funtua, sai Yaya ta shiga janyo 'yan matan cikinsu zuwa rumfarta. Tana koya musu tuya, tana ciyar da su. Na je mata ziyara bayan wata sallar layya, na tarar da rumfar cike. Wata budurwa da wuta ta ci mata wuya ranar da aka ƙone garinsu ta ɗora kai a cinyar Yaya, ita kuma tana tsefe mata kai. Yaya ta naɗe hannun rigarta, tabon yana waje, tana ba su labarin gobararmu da murya a kwance. Ta faɗi audugar, ta faɗi hayaƙin, ta faɗi yadda ta yi ta lalube ba ta taɓa yaron ba. Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Ta kai ƙarshen labarin kuma ba ta ambace ni ba.

Na zauna a benci da jakata a cinya, ina kallon yatsun Yaya cikin gashin 'yar mutane. Suna ce mata Inna, tana amsawa tana dariya. Aka kawo mini waina da miyar taushe, na ce na ƙoshi.

Da la'asar 'yan matan suka tafi ɗebo ruwa, muka rage mu biyu, tana goge tanda.

"Ke kuma lafiya kike ta kumburi tun ɗazu?" ta ce.

"Yaya, ni ba na gidan ne ranar?"

Ta dakata da gugar. "Kina nan mana."

"To me ya sa ban ji kaina a labarin ba? Kowa kin ɗora shi a cinya. Ni ko sannu ba ki taɓa ce mini ba."

Ta ninke tsumman a hannunta. Sannan ta ce, "Da na fito daga ɗakin, ke na fara gani. Kin ga na fito hannu biyu babu shi. Duk sanda na kalle ki sai in ga kamar tambayata za ki yi ina na baro shi."

"Ni da ko motsi ban yi ba? Ke kin shiga. Ni tsayawa na yi."

"Ke da ko tsawon turmin ba ki kai ba?" Ta ajiye tsumman ta dawo kusa da ni. "Sannu. Sannu, ƙanwata."

Na yi kuka a rumfar nan har masu wucewa suna leƙe. Amma ko a cikin kukan, da 'yan matan suka dawo da jarkoki Yaya ta tashi ta sauke wa ɗaya, sai na ji haushin tashin nata.

Washegari da zan tafi, ta nuna mini wata 'yar shiru-shiru da ke wanke-wanke a bayan rumfa. Ta ce a gaban yarinyar aka kashe babanta, jikinta ko ƙwarzane babu, shi ya sa masu kawo taimako suke wuce ta. Tuya ba ta karɓe ta ba, amma tana son zare da allura. Muka je muka samu uwarta a kangon da suke, ta amince in tafi da ita Malumfashi ta koyi ɗinki.

Watannin farko ba ta cewa komai sai "to, Anti." Ban matsa mata ba. Na ba ta sa maɓalli, daga baya na ɗora ta a keken ɗinki. Wata rana muna yankan atamfa na ba ta labarin Dayi, nawa, daga inda nake tsaye. Ba ta ɗago ba, amma almakashin ya tsaya a hannunta. Bayan kwana biyu ita ma ta faɗi nata, a gutsure, muna haɗa wuyan riga.

Yanzu ta iya ɗinki har tana da masu kawo mata nata. Ranar da ta gama doguwar rigarta ta farko, ta ɗaga ta sama tana murmushi, ni kuma na gyara zama ina jira ta kawo mini in duba. Sai ta ce, "Anti, ara mini wayarki in ɗauki hoto, Inna ta Funtua nake so ta fara gani."

Na miƙa mata wayar, na ce ta matsa bakin ƙofa, can ya fi haske.