Makarantar da Ta Bar Baba a Rana

A ƙauyenmu, tsakanin Wad Haddad da babbar tur'ar da ke kai ruwa gonakin auduga, ba a kai ɗiya makarantar kwana sai uba ya je ya duba da idonsa. Ba ya aika cewa yana tafe. Yakan sauka kawai, kamar mai binciken asalin surukai. Abin da ake dubawa kuwa, ban taɓa jin an ambaci littafi a ciki ba.

Shekarar da na gama sakandare, kulliyoyin horar da malamai mata biyu ne a gabana. Ɗaya can arewa, wajen Kamlin, mai doguwar katanga da fasassun kwalabe a samanta. Ɗayar kusa da Sinnar, bayan layin dogo, shingenta waya ce da akuya ke ratsawa. Baba ya sa farar jallabiyarsa ya hau lori.

Ta Sinnar ya fara zuwa, ya yi rashin sa'a. Gafirin ƙofa, wato mai gadi, Bahaushe ne jikan Sakkwatawa. Da ya ji Baba yana tsine wa direban lori da Hausa, a ƙasar da Larabci ake yi, sai ya buɗe ƙofa, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo shayi, suka bi dangi har suka samo wata kaka da suka haɗa. Ya zaga da shi azuzuwa, ɗakin kwana, har madafa, aka ba shi kisra, siririyar gurasar dawa, da miya. Baba ya cinye, ya dawo gida fuska murtuke. Ya ce makarantar da kowane mai jallabiya zai shiga har murhu, tashar mota ce.

A mai katanga kuwa, ta wata 'yar taga aka leƙo shi, aka ce babu shiga, aka rufe. Ya tsaya a rana tun hantsi har azahar, ko ruwa ba a miƙo masa ba. Ban taɓa ganin mutum ya dawo daga wulaƙanci da fara'a irin tasa ba. Ya ba da labarin a inuwar masallaci, ya sake bayarwa a bakin tur'a, kuma duk bayarwa katangar sai ta ƙara tsawo.

Shi ke nan. Duk uban da ke da ɗiya mai takardar sakandare, daga ƙauyenmu har ƙauyukan da ke bin ruwa ɗaya da mu, ya ce can za ta. Babu wanda ya san abin da ake koyarwa a ciki. Sun dai san tana korar mutane, kuma yawan korar shi ke jawo wasu su zo a kore su.

Ranar ganawa na ga cikin mai katangar da idona. Allo irin na kowa, alli irin na kowa. Ɗakin kwana ɗaya damina ta kwashe masa rufi, ba a gyara ba, saboda haka gwargwadon gadajen da suka rage ake ɗaukar 'yan mata. Wata malama ta sa na karanta 'yan layuka, ta duba farcena, ta ce in kira ta gaba. Ba a ɗauke ni ba.

Mata suka yi ta shigowa yi wa Inna barka. Ɗiyarta ta je har can an ƙi ta, ai ba kowa ke samun wannan ba.

Ta Sinnar ta ba ni gurbi, saura kaɗan a buɗe. Baba ya ce in jira baɗi in sake gwada mai katanga, kafin nan ga hawasha, gonar da hukumar noma ta ba shi, tana neman hannu. Na san wannan baɗin. Na san 'yan mata da suka shiga auduga jiransa, har yau suna sunkuye.

Na same shi yana gyaran fartanya.

"Baba, karatu za ni ko gadin katanga?"

"Wagga da kike so, kowa take ɗauka."

"To ni ma kowa ce. Waccan ta tabbatar."

Ya ce sakandare ta tsawaita mini harshe, ya ci gaba da aikinsa.

Inna ba ta sa baki ba. Ta dai ba matar da ke kai kuɓewa kasuwar Sinnar saƙo zuwa ga ƙanwar Inna da muke ce wa Gwaggo, mai sayar da kisra a tashar jirgi. Bayan 'yan kwanaki, Inna tana zuba wa Baba shayi, ta ce ta ji an kawo sabuwar shugaba a ta Sinnar, wadda ko gaisuwa ba ta amsawa. Baba ya ajiye kofi. Washegari jallabiya ta sake fitowa.

Daga baya Gwaggo ta ba ni labarin wahalar da ta sha da gafirin nan kafin ya yarda ya hana Baba shiga. Ya ce me bawan Allah ya yi masa? Ya ce kaka ɗaya fa. Ya ce in labari ya kai gida cewa ya bar ɗan'uwa a ƙofa, da wane ido zai dubi mutane? Sai da ta ce masa in ya sake kawo shayi, ya sani shi ya tura yarinya cikin auduga, sannan ya yarda.

Da Baba ya iso, ƙofa a rufe. Gafiri ya tsaya daga ciki, idonsa a ƙasa, ya ce da Larabci an hana shiga. Baba ya yi masa Hausa, ya sake amsawa da Larabci. Shingen waya ne, suna ganin juna sarai. Baba ya tsaya a rana, gafiri ma ya kasa komawa inuwa, ya tsaya a ranar tare da shi.

Da la'asar Baba ya shigo gida, ya cire takalmi, ya nemi ruwa.

"Sun gyaru," ya ce. "Ki shirya akwatinki."

Ranar da ya raka ni, daga nesa ya tsaya, ya gaida gafirin da ladabin da ban taɓa ganin ya yi wa mufattishi, babban mai duba gonaki, ba. Ina shiga, dattijon ya biyo ni zai karɓar mini akwati, yana tambaya a hankali ko mahaifina ya huce. Na ce Baba bai taɓa ganin girman kowa kamar nasa ba. Bai ji daɗi ba. Sabuwar shugaba kuwa babu ita, tsohuwar ce, mai amsa gaisuwa har da tambayar mutanen gida.

Na yi karatuna, na fito malama.

Baba dai bai daina ba da labari a inuwar masallaci ba, ya canja makaranta ne kawai. Kafin in gama, 'yan matan ƙauyukanmu sun cika ƙofar Sinnar har gadaje sun kasa. Da ƙanwata ta zo nema, aka ƙi ta. Mata suka shigo yi wa Inna barka.