Bindigar da Ta Faɗo a Sahun Azahar

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da huɗu, kaina cike da iska, ina ganin duk cikin Hausawan Faransa babu wanda ya kai ni sanin bindiga. A Damagaram aka haife ni, aka kawo ni Paris ina ɗan shekara goma sha ɗaya, muka zauna La Courneuve da iyayena a hawa na tara. Lekol, wato makarantar boko, ba ta karɓe ni ba, ni ma ban karɓe ta ba, sai na kama aiki a siton wani Alhaji a Aubervilliers, ina sauke kwalayen takalma da atamfa daga kamiyo, manyan motocin kaya. Amma da zarar na koma gida na kunna ordinater, wato kwamfuta, to na zama malamin kaina. Bidiyon Amurkawa nake kallo, ba na jin rabin Ingilishinsu amma ina ganin abin da hannunsu ke yi. In mun taru shan shayi a Barbès ranar Asabar, ana hirar ƙwallo ko siyasar gida, sai na san yadda na yi na jawo zancen ya koma bindiga. Har abokaina suka laƙaba mini Kumandan, ina buɗe baki sai su ce a yi shiru, Kumandan zai ba da darasi. A fuska ina nuna haushi, a zuci kuwa wallahi daɗi nake ji.

Kada mai karatu ya zaci a bayan fage na samo tawa bindigar. Ta hanyar doka na bi, kuma wannan ne ya ƙara kumbura mini kai. Na shiga kulob ɗin masu koyon harbi, na yi fiye da shekara ina zuwa, likita ya duba ni, hukuma ta bincike ni, sannan aka ba ni takardar izini. Wanda ke kula da mu a kulob ɗin wani tsohon Bature ne mai gashin baki, ba ya dariya. Ran da takardata ta fito ya zaunar da ni ya ce in buɗe kunne: izinin nan daga gida zuwa kulob ne kawai, bindiga a kulle cikin akwati, harsashi a wani wuri daban. Ya ce ran da na soke ta a ƙugu na fita titi, a wurin doka ni da ɗan fashi uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa na ji, a raina kuwa ina cewa tsoho ya tsufa da tsoro.

Wadda na zaɓa, sai da na yi watanni ina auna ta da 'yan'uwanta, kuma ku yi mini haƙuri, har yau in na fara zancenta bakina ba ya son tsayawa. Ƙarama ce, tafin hannu ya kusa rufe ta, bakinta gajere, ba ta da nauyin da zai gajiyar da mutum. Na harba ta sau ɗaruruwa a kulob, ko sau ɗaya ba ta taɓa cijewa ba. An ƙera ta yadda ko ta faɗi ƙasa ba za ta tashi da kanta ba sai an ja kunama. Duk masu bidiyon nan abin da suke yabonta da shi ke nan, wai ita ce abokiyar tafiya, ka sa ta ƙarƙashin riga ka manta da ita. Tsohon Baturen ya taɓa tambayata me mai harbin allo zai yi da gajeriyar bindiga irin wannan, alhali doguwa ta fi saiti. Na ce masa hannuna ne ƙarami. Ya dubi hannuna, ƙaton hannun mai ɗaukar kwali.

Na daɗe ina gaya wa mutane wai abin da ya sa na fara yawo da ita shi ne wasu samari da suka fizge mini waya a ƙarƙashin gadar jirgin metro ta Barbès, har ɗaya ya kwaɗa mini mari. An yi hakan, ba ƙarya ba ne. Amma tunda yau na zo faɗin gaskiya, kuben da ake saƙala ta a ƙugu na riga na saye shi tun kafin marin. Dalili kawai nake jira. Na fara da zuwa sayen burodi, sannan wurin aiki, wandon jin da bel mai kauri, riga a sake. Wata biyar ina shiga metro da ita ba wanda ya kalle ni sau biyu. Kuma lokacin ƙasar a tsorace take saboda hare-haren da aka kai, sojoji na sintiri a tashoshi, mahaifiyata har roƙonmu take mu rage gemu mu bar tsayuwa a gungu. Ni kuwa ina wuce sojojin ina jin kaina wani namijin duniya.

Ana nan sai yayata da ke aure a wata unguwa a gefen Lyon ta haihu, namiji, bayan shekara shida suna jira. Mijinta, wanda nake ce wa Yaya, direban bas ne, mutum mai sanyi, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Hausawan wurin, 'yan Nijar da 'yan Cadi da 'yan arewacin Kamaru. Suna da wani babban ɗaki a ƙasan wani bene, suna ce masa sal. Nan ake suna, nan ake karɓar gaisuwar mutuwa, nan yara ke karatun allo ranar Lahadi, nan baƙon da ya sauka bai san kowa ba yake fara zuwa. Shekara bakwai Yaya ya yi yana sintiri tsakanin biro, wato ofishin magajin gari, da mai ginin kafin a ba su makulli, kuma sunansa ne a kan takarda. Maƙwabtan sama ba sa son su, sun sha kai ƙara kan hayaniya da takalma a bakin ƙofa. Mai ginin ya gaya masa ƙiri-ƙiri, ran da 'yan sanda suka taka wurin saboda su, ran nan zai karɓi makullinsa. Duk na san wannan. A gabana Yaya ya sha roƙon mutane su rage murya in sun fito.

Alhajin da nake wa aiki shi ya ɗauke mu a motarsa, ni da iyayena, muka kama hanyar Lyon. Bai san abin da na ɗauko ba, ba wanda ya sani. Safiyar suna mahaifiyata ta fito mini da sabuwar shadda da ta sa aka ɗinko daga gida, riga da wando, ta ce yau dai ba za ta ga wannan tsumman jin ɗin a jikina ba. To ga inda ilimina ya ƙare. Duk bidiyon da na haddace, mutanen ciki wando mai bel suke sawa. Babu ko ɗaya da ya taɓa sa wando mai zariya, balle ya zauna a tabarma ya tanƙwashe ƙafa, balle ya yi ruku'u. Na tsaya a banɗaki ina juya kuben a hannu, zuciyata ta ce in bar ta cikin jaka. Sai wata zuciyar ta ce ai ƙarama ce, ba ta da nauyi, abin da aka yi ta don shi ke nan. Na saƙala kuben a zariya, na ɗaure tamau, na saki riga a kai. Na duba madubi, ko alama babu. Har murmushi na yi.

Tun kafin a raɗa suna na gane akwai matsala. Wandon sai zamewa yake ta gefe ɗaya, ina tafe ina jan shi sama. Wata gwaggon Yaya ta hango ni ta ce ɗan Paris, ashe yunwa ake yi a babban birni, wando ma ya ƙi zama a ƙugu, a zuba wa yaron nan tuwo kafin iska ta ɗauke shi. Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Aka kawo shinkafa da naman rago a manyan faranti, muka zauna ƙasa muka ci, na ci har na ji zariyar tana yanka mini ciki, ƙarfen kuma yana tokare mini haƙarƙari. Da na shiga kewaye kafin alwala sai na kwance, na sake ɗaurewa sako-sako don in samu in yi numfashi. Ban ko yi tunani ba. Abin da kowa ke yi ne bayan ya ƙoshi.

Aka tayar da sallar azahar. Jama'a ta yi yawa, sal ya cika, aka buɗe ƙofa sahu biyu suka fito har kan dakalin waje, ni ina na ƙarshe, inda kafet ya ƙare siminti ya fara. A raka'a ta biyu, ina ɗagowa daga sujada, na ji kuben ya kife. Na ji sanyin ƙarfe yana bin cinyata yana gangarawa ta cikin ƙafar wando, ni kuwa na ƙame, ban san ko in kama ba ko in ci gaba da salla. Ta fito ta idon sawu, ta bugi siminti da wata ƙara da har yau nake ji a kunnena, ta yi 'yar tafiya ta tsaya a fili. Ba ta tashi ba. Wani dattijo ɗan Cadi da ke gefena, wanda ya ga yaƙi da idonsa tun ban zo duniya ba, ya miƙa ƙafa a hankali ya jawo ta ƙarƙashin babbar rigarsa, bai ko yanke sallarsa ba. Amma wata mata a barandar hawa na biyu ta riga ta gani. Na ga ta shige da gudu da waya a kunne.

Ana sallamewa dattijon ya damƙi hannuna ya ce ɗana, wace uwa ce ta haife ka da za ka kawo mana wannan cikin sahu? Kafin in haɗa amsa unguwa ta cika da jiniya. Ba zan iya kwatanta muku yawan motocin ba. Aka kwantar da mu rubda ciki a kan titi, dattawa da sabbin shaddodinsu, limami, Alhajin da ya kawo ni, mahaifina mai ciwon gwiwa. Aka fito da mata hannu a sama. Yayata tana tsaye a bakin titi da jaririn kwana bakwai, lalle bai gama bushewa a ƙafarta ba, tana kallona. Na yi ta ihu ina cewa tawa ce, ina da takarda, ni kaɗai ne. Wani ɗan sanda ya ce takardar ta ce in kawo ta nan? Suka tafi da ni, suka tafi da dattijon saboda a ƙarƙashinsa aka same ta, suka tafi da Yaya saboda shi ne mai wurin.

Su biyun an sake su bayan kwana biyu. Ni na gurfana gaban alƙali, aka yi mini ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, aka ƙwace bindigar da izinin, aka rubuta sunana inda ba ya gogewa. Alhaji ya sallame ni daga aiki, ban ga laifinsa ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Kafin sati ya zagayo mai ginin ya karɓi makullinsa. Na je har gida in ba Yaya haƙuri, na durƙusa, na so a ce ya zage ni ko ya mare ni. Bai yi ba. Ya dai tambaye ni cikin sanyin muryar nan tasa, ƙanena, a sunan ɗana wa ka zo harbi? Kuma babu kowa, shi ya sani ni ma na sani. Ya ce to tashi ka je, Allah ya shirya. Yayata kuwa ta shekara biyu ba ta ɗaga wayata ba.

Har yau da nake rubuta wannan ba su samu wani wurin ba. Duk inda Yaya ya je nema, labarin ya riga shi isa. Suna a falo ake yi, mutum goma su shiga su fito wasu goma su shiga. Karatun yara ya watse. Gaisuwar mutuwa a filin ajiye motoci ake tsayawa a yi ta, ko ana ruwa. Mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba su ne ke biyan abin da na yi, ni kuwa ina Paris ina cin abincina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk abin da aka faɗa a kan bindigar nan gaskiya ne. Ba ta cijewa, ba ta da nauyi, ta faɗi ba ta tashi ba. Na yi watanni ina tambayar ko za a iya dogara da ita, ban taɓa zama minti ɗaya na tambayi ko za a iya dogara da ni ba, ko kuma ta dace da irin rayuwar da muke yi, mu da ke cin abinci a ƙasa, muke kai goshi ƙasa sau biyar a yini, kafaɗa da kafaɗa da mutane. 'Yan'uwana matasa, musamman mu da ke zaune ƙasar wasu, na san daɗin da ake ji in mutum ya koyi abu da kansa, na san yadda yake sa ka raina mai gaya maka gaskiya. Wanda ke cikin bidiyo ba dokarku ɗaya ba, ba suturarku ɗaya ba, kuma ran da abin ya faɗo ba shi za a kwantar a titi ba. Mahaifinka za a kwantar. In sha'awar harbi gare ka, ka yi ta inda aka yarda, ka kulle ta inda aka ce, ka fita da hannunka wofi kamar kowa. Ni ban harbi kowa ba, ko harsashi ɗaya bai fita ba, amma na rufe wa jama'a guda ƙofa, kuma har gobe ban san yadda zan buɗe musu ita ba.