Ranar da Shafin Malam Ya Koma Na Caca

Ina cikin takaba wan mijina ya shigo gidanmu a Gwangwan, sallamarsa ma ciki-ciki. Ya miƙo mini wayarsa.

"Ke, dubi abin da kika bari ana yi da sunan ƙanena."

Malam, mijina, yana da shafi a intanet inda yake ɗora karatun da yake yi wa manoma da makiyaya bayan la'asar. Da ya rasu, ɗalibansa suka riƙa tura wa juna adireshin don a saurara a yi masa addu'a. Yanzu duk wanda ya taɓa sai ya faɗa shafin caca, har da hotunan batsa.

Na buɗe kwamfutar Malam. Shafin ya fito lafiya lau.

"Yaya, a nan babu komai."

"Au, ƙarya nake yi ke nan? Har a kasuwar Rogo an nuna mini. Ki rufe shi yau, ko in sa a rufe."

Wayar da Malam yake ɗaukar karatun da ita ta daɗe da lalacewa. A shafin nan kaɗai muryarsa ta rage.

Mai takaba ba ta yawo, sai na kira mutumin Karaye da ya haɗa masa shafin. Ya ce tun da Malam ya kwanta ciwo ba a sabunta wata manhaja ba, ta nan ɓarayi suka cusa abinsu. Abin ba ya bayyana a kwamfutar mai shafi, baƙo kawai yake karkatarwa. Na gwada da wayata. Na gani, na kife ta.

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa. "Mai takaba tana hira da ƙato a waya. Madalla."

Na koma kan kwamfutar. Mutumin yana faɗa, ina dannawa. Binciken da ya sa na yi ya nuna wasu layuka a saman wani fayil, haruffa a cakuɗe, ba sa karantuwa. Na goge su, na cire manhajar. Ya ce in canza kalmar sirri. Sunana ne Malam ya sa a matsayin kalmar. Na daɗe kafin na goge shi.

"Yaya, sake gwadawa."

Ya taɓa. Muryar ƙanensa ta fito, yana gyaran murya kafin bisimilla kamar yadda ya saba. Yaya ya kashe da sauri, ya juya yana neman takalmansa.

"Gobe ma zan duba," in ji shi.

Shafin yana nan. Ni da Yaya, har yanzu gaisuwa ce kawai.