Ranar da Aka Ɗauke Keken Yaya

Yayana mutum ne da ko cokalinsa ka gusar sai ka yi bayani. Yanzu likitoci na kiran irin halinsa otizim. A unguwarmu da ake kira Biafra kuwa, a shekarun saba'in, Inna kan ce, "Haka Allah ya yi shi," magana ta ƙare.

Wuri ɗaya ne hankalinsa ke kwanciya: shagon wani dattijon tela Bazinderi a unguwar Bracodi ta Adjamé, inda ya shekara shida kan keken ɗinki guda, kusa da taga. Ba ya hira, ba ya kallon idon kowa, amma ɗinkinsa ko zare ba ya kaucewa.

Wata Litinin ya je ya tarar babu keken, sai shatin ƙafafunsa huɗu a siminti. Sauran teloli suna ƙus-ƙus, suna murmushi. Ai Yaya bai tambayi kowa ba. Ya juya ya tako tun daga Adjamé, ya haye gada da ƙafa, har gida. Kafin azahar ya kyautar da almakashinsa ga maƙwabciya, ya yanke hukunci: an kore shi, an daɗe ana ƙulla masa, har mai sayar da acheke, dambun rogon nan, na ƙofar shago da hannunta a ciki.

"Yaya, mai acheke kuma?" na ce.

"Ta ƙara mini kifi ran Juma'a. Tausayi ne. Ta sani."

Na yi dariya, amma na san ba abin dariya ba ne. In ya rasa shagon nan, babu inda zai ƙara zama.

Da la'asar sai ga dattijon yana haki, mai kura na biye da shi da tsohon keken.

"Ɗana, wa ya kore ka? Sabon keke na sayo maka, mai kuran, na lantarki, shi ya sa na janye tsohon! Sirfiriz na so in yi maka, ba-zata!"

Yaya ya shafa tsohon keken, idonsa a ƙasa. "Patron, maigida, ni a gaya mini kawai."

Tsohon keken ya koma gurbinsa a shago, Yaya ma ya koma. Sabon bai taɓa hawa ba, wai ƙararsa ta yi yawa. Almakashin ma da kyar na karɓo.

Tun ranar muka daina ɓoye masa komai, mai daɗi ko marar daɗi. Shekaru bayan haka, da likita ya ce ciwon Inna ba na tashi ba ne, dangi suka ce a rufa wa Yaya. Na ƙi. Na zaunar da shi na faɗa masa tiryan-tiryan, ina kuka.

Bai gudu ko'ina ba. Ya ɗauko kujerarsa ya ajiye gefen gadonta, kusa da taga.