Ranar da Na Kai Ɗan Tsako Wa'azin Ista

Ko tsufa ya kwashe mini hankali, ba na jin zan manta da Lahadin Istar da na yi wa'azi da ƙwarya. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kalgo, ga ƙuruciya ga son a sani. Fastonmu ya yi tafiya, dattawan 'yar majami'armu suka ce ni zan tsaya a madadinsa.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu da muke kira Baba. Tun da aka binne mijinta wata uku baya ta daina zuwa sujada, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Da ƙyar matan zumunta suka lallashe ta ta yarda za ta zo ranar. Na san idan ta koma gida da baƙin cikinta, ba lallai mu sake ganinta ba. Na ƙudura sai na nuna mata tashin matattu ido da ido.

Ana jibi Ista na ziyarci wani abokina Musulmi a Ceberu, can ƙasar Gwandu. Muna zaune wani ɗan tsako ya faɗi don zafi. Mahaifiyarsa ta kifa masa ƙwarya, ta yi ta bugawa da ludayi. Tana buɗewa sai ga shi ya miƙe yana kuka. Na ce a raina, yauwa, wa'azi ya samu!

Da safiyar Lahadi na koma wurin mahaifiyar abokina na roƙi tsako mai gyangyaɗi, da aron ƙwarya da ludayi. Ta dube ni ta ce, “Ɗana, wanga ba shi da lahiya, mi za ka yi da shi?” Na ce aikin Allah ne. Na sa shi a kwali, na ɗaure bayan babur cikin zafin nan na bazara. Da na iso na tarar ya miƙe ƙafafu, wai ni har murna nake ya suma a kan lokaci.

Na hau mumbari, na kifa wa tsakon ƙwarya, na ce, “Jama'a, ku buɗe ido!” Na fara bugu. Matan zumunta suka zaci waƙa ce, suka ɗauka da ganguna, har da masu taka rawa. Na ɗaga ƙwarya, tsako ko motsi. Na mayar na ƙara ƙarfi. Wani dattijo ya ce daga baya, “Malam, ko sai ya kwana uku?” A bugu na uku ƙwaryar ta tsage biyu. Gumi ya jiƙa ni, na yi tsaye da ludayi a hannu, na rasa ko aya ɗaya a kaina.

Sai na ji dariya daga layin gaba. Baba ce, tana yi har da riƙe ciki, hawaye na zuba. Da ta lafa ta dogara sanda ta miƙe.

“Ɗana, aje ludayin nan,” in ji ta. “Da a ce ƙwarya tana tada matacce, da ban bar ko ɗaya a Kalgo ba, duk na fasa su bisa kabarin maigidana. Mai suma ake yi wa wannan. Yesu ba suma ya yi ba, mutuwa ya yi, aka rufe shi, ya tashi. Ashe nawa ma ba a rufe shi har abada ba. Ni ce na manta, na zauna ɗaki kamar marar alkawari.”

Kunya ta kama ni, amma daɗin da na ji ya fi ta yawa. Baba da kanta ta ɗauko waƙar tashi, kuma daga ranar ba ta sake fashin sujada ba har Allah ya ɗauke ta.

Abin da na koya shi ne, begen tashi ba dabara ba ce da za ka nuna da hannunka. Yana fara aiki ne a inda dabararka ta ƙare. Shi ya sa ranar da muka binne Baba na yi kuka sosai, amma ban ji tsoro ba.