Uwar Kati da Fayil ɗin Gidan Dogo

Kai jama'a, yau bakina ba zai rufu ba! Uwar Kati ta ajiye aiki, kuma wallahi sai na jinjina mata, ko da za ta harare ni ta saman tabaranta.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce mai ajiye fayil a ƙaramin asibitin da ke bayan masana'antu, a ɗakin nan na ƙarshen baranda mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Kafin masu shara su gama ta iso. Ta rataye mayafi a ƙusa, ta goge tebur, ta jiƙa yatsa a soso, sai ka ji: "Kawo katinka, ɗana." Kowa ɗanta ne, har tsohon da ya girme ta. Bayan ƙofa akwai wani ɗan benci da ba ta yarda a ɗora masa kaya. Dokarta ce tun farko, takardar mutum ba ta fita ɗakin nan sai mai ita ya zauna a bencin ya ga abin da zai fita.

Dogo ne ya ce in ba da labarinsa, shi da yake lodi a masana'antar buhu. Wata rana sarƙa ta tsinke, ƙarfe ya sauko masa a kafaɗa, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Ya nemi diyyar rauni. Kamfani ya ce sai ya ga bayanan asibiti, kuma haƙƙinsu ne su gani. Suka miƙa masa takardar izini, ya rattaba hannu da hagu, ko karantawa bai yi ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. A asibitin nan fayil ɗaya ake buɗe wa gida guda: miji, mata da 'ya'ya, duk a cikin bango ɗaya.

Manajan ma'aikata ya zo wurin Uwar Kati da kansa, cikin ladabi. Ya ce, "Mama, ga izini, ga sa hannunsa. Fayil ɗin gaba ɗaya muke so."

Ta karanta a tsanake, ta ce, "Ranka ya daɗe, izinin Dogo na gani. Ina na matarsa?"

"Mu me ya haɗa mu da matarsa?"

"Yauwa! Ni ma abin da nake tambaya ke nan."

Manaja ya gaya mata gaskiya: kwamitin diyya zai zauna kafin mako ya fita, in takardu ba su iso ba, sai wani zaman, watanni a gaba. Labari ya kai wa Dogo. Sai ga shi afujajan, hannu a rataye, ido jawur.

"Haba Uwa! Kashe ni za ki yi? Gidana ba a ɗora tukunya, ke kuma kin zauna a kan fayil! Ki ba su mana, ni na ce a ba su!"

Benci ta nuna masa. Ya zauna yana huci. Ta buɗe fayil, ta ware 'yan shafukan da suka shafi kafaɗa, ta miƙa masa. Sauran, mai kauri, ta kife shi ta ɗora tafin hannu a kai.

"Wannan naka ne. Wannan kuwa ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Na maiɗakinka ne."

"Ai matata ce!"

"Matarka ce, ɗana, ba kafaɗarka ba ce. Ita ma a asibitin nan ta zauna ta gaya wa likita abin da ke damunta. Kana so ya bi tebur-tebur a ofishinku?"

Dogo ya ce a nan ya tuna akawun kamfani da zai buɗe ambulan ɗin takardun maƙwabcinsu ne, bakinsa kuwa ba ya riƙe ko ruwa. Kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "To diyyar fa, Uwa?"

"Bar mini wannan."

Ashe ƙin bayarwa rabin aikin ne! Uwar Kati, wadda gwiwa ke damunta, ranar sai ga ta kamar yarinya. Ta tare likita a ƙofar ɗakin tiyata, ta ƙi matsawa sai da ya rubuta rahoton rauni. Ta karɓo hoton ƙashi. Injin kwafi ya lalace, ta tsallaka titi, ta tsaya a kan mai shagon kwafi har ya gama, ko kallon shafi ba ta bari ya yi ba. Ta sa Dogo ya sake sa hannu a kan abin da ya gani da idonsa, ta kai kamfani da ƙafarta tun kwamiti bai zauna ba. Diyya ta fito! Da Manaja ya rako ta bakin ƙofa, ya rage murya ya ce, "Mama, namu fayil ɗin ma a wurinki yake fa." Ta ce, "Na sani. Shi ma a rufe yake."

Uwar Kati, ke ce tukunya mai murfi. Ke ce kika ba kamfani abin da yake nasa ba tare da kin sayar da matar da ba ta wurin ba. Ba ki taɓa ɗaura wa kowa bandeji ba, amma kin rufa mana asiri, mu da ba mu ma san a buɗe muke ba.

Ranar bankwana matar Dogo ta zo. Ta riƙe hannun Uwar Kati da hannu biyu, hawaye na zuba. Ni kuwa, da shegen son jin ƙwaƙwaf, na raɓa na ce, "Uwa, yanzu dai kin yi ritaya. Wai me ke cikin shafukan nan?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kana da izininta?"

Mun gode, Uwa. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mana. Ku kuma da kuka gaji makullin ɗakin, da duk wanda takardar wani ke bi ta hannunsa, don Allah kada ku ɗora wa bencin nan kaya.