Makullin Ciki da Falo

Duk wanda fankarsa ta taɓa tsayawa a Kawo ya san Labaran. Shagonsa na bayan tasha, ɗan tsukuku ne, in za ka shiga sai ka sunkuya, kada fiffiken fanka ya cire maka hula. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda za ka taka shi kuma ya riga ka ba da haƙuri. Tun da ya baro Katabu yana saurayi a shagon nan yake kwana, kuma abin bai taɓa damunsa ba sai da Sumayya ta kawo fankar gidansu gyara. Fankar nan ta yi ta dawowa shago, alhali Allah ya sani lafiyarta ƙalau.

Magana ta kai gaban manya. Mahaifinta, Malam Bawa, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ce ya ba shi, amma ba zai sa rana ba sai ya ga ɗakin da za a kai masa 'ya. Ai da gaskiyarsa.

Labaran ya shiga yawo da dillalai har takalminsa ya suɗe. Wani ɗakin banɗakinsa na taron dangi ne, wani kuwa damina ta gama zane a bangonsa. Can dai ya dace da ciki da falo a Unguwar Sarki, da ɗan kicin, da rijiya a tsakar gida. Yana gani zuciyarsa ta kwanta.

Mai gidan, Alhaji Isiyaku, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ina iyali?"

"Ana shiri, Alhaji."

"To in an shirya ka dawo. Ni ba na ba tuzuru haya, gidana akwai matan aure."

Kun ji fa. Babu ɗaki sai da aure, babu aure sai da ɗaki. Ga kuma wani mai mata da goyo yana zagayen ɗakin, shi ma yana son kamawa. Labaran ya shiga damuwa sosai, har ya haɗa wa wani fanka tana juyawa da baya.

Labari ya kai kunnen Gwaggo Hansai, ƙanwar Malam Bawa, matar da ba a taɓa jin ta ce "bari mu gani" ba. Ta yafa mayafi, ta ɗebi mata biyu da abin awon tela, suka yi sallama gidan. Uwargidan Alhaji ta buɗe musu ɗakin. Alhaji ya dawo daga sallar la'asar ya tarar ana auna taga, ana gardamar inda gado zai zauna.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Bayin Allah, wa ya ba ku ɗakin nan?"

Gwaggo ko juyowa ba ta yi ba. "Alhaji, mu dangin amarya ne. Ka taɓa ganin an auna wa tuzuru labule?"

Sai dariya ta ƙwace wa Alhaji. Ya yarda, amma da sharaɗi: dangin amarya su shiga su fita, su yi jerensu, shi kuwa Labaran ko ƙafa kada ya sa sai an ɗaura. Malam Bawa ya zo ya ga ɗaki, ya sa rana.

Haka bawan Allahn nan ya biya haya ya ci gaba da kwana a shago. Kullum da yamma sai ya bi ta layin, ya rage tafiya, ya saci kallon sabon labule ya wuce.

Ranar ɗaurin aure, ana shafa fatiha sai ga Alhaji Isiyaku yana kutsowa cikin jama'a da babbar riga. Ya kama hannun Labaran ya danƙa masa makulli, ya ce, "Ango, gidanka ne. Allah ya ba da zaman lafiya."

Murna ta cika Labaran har idonsa ya kawo ruwa. Jama'a na ta miƙo hannu a gaisa, shi kuwa ya kasa buɗe nasa.